Kadarkon Ƙwaƙwalwa: Ƙirarsa da Matsayinsa a Sarrafa Harshe

1.0 Gabatarwa

Duk wanda ya taɓa ɓare goro ya san ɓari biyu ne a manne da juna, kowane da kamannin ɗan'uwansa. Ƙwaƙwalwar ɗan'adam ma haka take: akwai ɓarin dama da ɓarin hagu, kuma wani tsagi mai zurfi ya ratsa tsakaninsu daga goshi zuwa ƙeya. Idan aka buɗa wannan tsagi a hankali, za a hango wani farin abu mai faɗi a can ƙasansa, wanda ya riƙe ɓarin biyu kamar yadda kadarko kan haɗa gaɓar kogi da gaɓar kogi. Masana ƙirar jiki suna kiran sa da sunan Latin, kofus kalosum, wato jiki mai tauri, domin ya fi sauran naman ƙwaƙwalwa tauri a hannu. A wannan maƙala za a kira shi kadarkon ƙwaƙwalwa.

Mai karatu zai iya tambayar abin da ya kawo zancen ƙirar jiki cikin mujallar nazarin harsuna. Dalilin shi ne, tun daga ƙarni na 19 aka tabbatar cewa cibiyoyin furuci da na fahimtar kalmomi suna ɓarin hagu a mafi yawan mutane, har wannan ya sa wasu suka ɗauka ɓarin dama ba shi da ta cewa a sha'anin magana. Binciken da aka yi a kan mutanen da aka yanke wa kadarko, da waɗanda aka haifa ba su da shi, ya nuna cewa magana cikakkiya aikin ɓari biyu ce, kuma kadarkon ne hanyar da suke bi su haɗa abin da kowane ya sani. Manufar maƙalar ita ce bayyana ƙirar wannan sashe, da yadda aka gano aikinsa, da abin da hakan yake nufi ga mai nazarin harshe kamar Hausa, wanda ya dogara ga karin sauti da rausaya, kuma yake cike da karin magana da habaici.

2.0 Ƙirar Kadarkon Ƙwaƙwalwa

Ƙwaƙwalwa ta ƙunshi ƙwayoyin jijiya kimanin biliyan 86. Kowace ƙwaya tana da wani dogon zare da take aika saƙo ta cikinsa zuwa ga wasu ƙwayoyin. Inda ƙwayoyin suka taru, kamar a ɓawon ƙwaƙwalwa, launin wurin toka-toka ne. Inda zaruruwan suka haɗu suka yi dami kuwa, launinsa fari ne, saboda wani rufi mai kitse da ake kira mayalin, wanda ya naɗe su kamar yadda roba kan naɗe wayar lantarki. Kadarko shi ne dami mafi girma a duk cikin ƙwaƙwalwa. Tsawonsa daga gaba zuwa baya kimanin santimita 10 ne, kuma ya ƙunshi zaruruwa aƙalla miliyan 200. Galibinsu kaurinsu bai wuce kashi 1 cikin 1,000 na milimita ba.

Mafi yawan zaruruwan sukan tashi daga wani wuri a ɓawon ɓari ɗaya su sauka a takwaransa na ɗaya ɓarin. Akwai wasu ƙananan damma da su ma suke haɗa ɓarin biyu, kamar mahaɗar gaba, amma ba a kwatanta su da kadarko wajen girma. Haka kuma ba kowace dabba ce take da shi ba. A 1837 Richard Owen na Ingila ya nuna cewa dabbobi masu goyon 'ya'yansu a jakar ciki, dangin kangaru, ba su da kadarko. Mahaɗar gaba ce take yi masu wannan aiki. Dabbobi masu shayarwa waɗanda tayinsu yake rayuwa ta hanyar mabiyiya su kaɗai ne suke da shi, ciki har da ɗan'adam.

2.1 Sassansa

Idan aka raba ƙwaƙwalwa gida biyu ta kan tsagin, kadarko yakan bayyana a lanƙwashe kamar ƙugiya a kife. An kasa shi kashi biyar, kuma ga sunayen da za a yi amfani da su a nan:

(a) Baki: siririn ƙarshe ne da ya lanƙwaso ƙasa ta gaba, mai kama da bakin tsuntsu.

(b) Gwiwa: lanƙwasar gaba ce. Zaruruwanta suna haɗa sassan goshi, inda tsara aiki da yanke shawara da kame kai suke gudana.

(c) Ganga: dogon tsakiyar ne, wanda yake haɗa cibiyoyin motsa gaɓoɓi da na jin taɓi.

(d) Ƙugu: wurin da ya tsuke ne kafin a kai ƙarshen baya.

(e) Gammo: ƙarshen baya ne, mai kauri a dunƙule. Ta nan da ƙugu saƙonnin ji suke ƙetarawa, saƙonnin gani kuwa ta can bayan gammo.

A 1992 Francisco Aboitiz da abokan aikinsa suka auna zaruruwan, suka tarar cewa na gwiwa sirara ne kuma a cunkushe, alhali mafi kauri suna bayan ganga da ƙarshen gammo. Wannan yana da ma'ana, domin zare mai kauri ya fi saurin kai saƙo, kuma gani da ji da motsi su ne ayyukan da ba su jure jinkiri. Ta fuskar jini kuma, jijiyar jini ta gaba ce take ciyar da mafi yawan kadarko, ta baya kuma ta ciyar da gammo. Saboda haka toshewar ɗaya daga cikinsu takan lalata sashe ɗaya ta bar sauran, kuma ta irin wannan hanya aka fara gane aikin kowane sashe.

2.2 Girmansa

Zaruruwan farko sukan fara ƙetarawa ne wajen mako na 12 na ciki, kafin mako na 20 kuma kadarko ya ɗauki siffarsa. Sai dai kammaluwarsa tana ɗaukar shekaru. Da farko akan samar da zaruruwa fiye da kima, sannan a rage waɗanda ba su da amfani. A 1990 Anthony LaMantia da Pasko Rakic suka nuna cewa a wani jinsin biri kimanin kashi 70 cikin 100 na zaruruwan da aka haife shi da su sukan ɓace cikin watannin farko. Waɗanda suka rage kuma rufin mayalin yakan ci gaba da naɗe su tun daga jarirantaka har bayan shekara 20.

Ana iya ganin alamar wannan jinkiri da ido. Idan ƙaramin yaro yana fama da rubutu ko wani aiki mai wuya da hannu ɗaya, sau da yawa yatsun ɗaya hannun sukan riƙa motsi ba da saninsa ba. Wannan yakan ragu zuwa wajen shekara 10. Dalili kuwa shi ne, aikin kadarko bai tsaya ga kai saƙo ba. Ta cikinsa ne kuma ɓari ɗaya yake tsawata wa ɗaya ya yi shiru idan ba a bukatar sa. Makaɗin kalangu misali ne na ƙwarewa a wannan fage: hannu ɗaya yana duka da makaɗi, ɗaya damtsen yana matsa tsirkiya yana sassautawa don sauya amo, kowane da nasa aiki amma a kan lokaci ɗaya.

3.0 Yadda Aka Gano Aikinsa

Andreas Vesalius ya zana kadarko a littafinsa na ƙirar jiki a 1543, amma an yi ƙarnoni ana ta kintace game da aikinsa. A 1741 likitan fiɗa na Faransa, La Peyronie, ya yi da'awar cewa nan ne mazaunin rai. Ilimi na haƙiƙa ya fara ne bayan Paul Broca ya gabatar a 1861 da ƙwaƙwalwar wani majinyaci da ya rasa magana, ya kuma bayyana a 1865 cewa ɓarin hagu ne yake riƙe da furuci. Carl Wernicke na Jamus ya ƙara da cibiyar fahimtar magana a 1874, ita ma a hagu. An riga an san kuma cewa kowane ɓari yana mulkin kishiyar gefensa ne na jiki: hagu yana juya hannun dama, dama yana juya hannun hagu. Tambaya ta taso ke nan: ta yaya hannun hagu yake bin umarnin da aka bayar da baki, alhali ɓarin da yake juya shi ba shi ne yake fahimtar kalmomi ba? A 1907 Hugo Liepmann da Otto Maas suka ba da rahoton wani majinyaci da kadarkonsa ya lalace, wanda hannunsa na hagu ya kasa bin umarnin baki, ya kuma kasa rubutu, ko da yake hannun bai shanye ba.

Duk da haka sai aka yi watsi da wannan bayani na wani lokaci. A 1940 William Van Wagenen na Rochester a Amurka ya wallafa sakamakon wata fiɗa da ya ƙirƙiro, ta yanke kadarkon masu farfaɗiya mai tsanani don a hana bugun ya tsallaka daga ɓari zuwa ɓari. Andrew Akelaitis ya jarraba majinyatan, bai ga wani canji na a-zo-a-gani ba a hankalinsu ko maganarsu. Wannan ya sa wasu masana na wancan zamani suka riƙa ba'a cewa amfanin kadarko kawai shi ne ya tallafe ɓarin biyu kada su zube, ko ya yaɗa farfaɗiya.

Ronald Myers da Roger Sperry ne suka warware matsalar a 1953 a Shikago, ta hanyar gwaji da kyanwoyi. Sun yanke kadarko tare da mahaɗar jijiyoyin ido, yadda kowane ido zai kai saƙo ga ɓari ɗaya kawai. Kyanwar da aka koya wa bambance siffofi biyu da ido ɗaya, da aka rufe shi aka buɗe ɗayan sai ta zama kamar ba ta taɓa koyon kome ba. A 1962 likitoci Joseph Bogen da Philip Vogel suka yi wa wani tsohon sojan Yaƙin Duniya na Biyu irin wannan fiɗa a Kalifoniya, saboda farfaɗiya. Sperry da ɗalibinsa Michael Gazzaniga suka tsara masa gwajin da ya dace. Akan sa majinyaci ya kafa ido a kan ɗigo a tsakiyar allo, sai a walƙata hoto a gefe ɗaya cikin ƙiftawar ido. Abin da ya bayyana a dama da ɗigon ɓarin hagu yake gani, na hagu kuma ɓarin dama.

Sakamakon ya ba da mamaki. Idan hoton cokali ya bayyana a dama, majinyaci yakan faɗi sunansa nan take. Idan a hagu ya bayyana, sai ya ce bai ga kome ba. Amma idan aka ce ya laluba da hannun hagu a bayan labule, sai ya zaɓo cokali daga cikin tarkace. Ɓarin dama ya gani, ya kuma gane, amma ba shi da hanyar sanar da ɓarin da yake magana. A gefe guda kuma, hannun hagu ya fi na dama iya zana akwati da jera 'yan katakai bisa tsarin da aka nuna. Dalilin da ya sa Akelaitis bai ga wannan ba shi ne, a rayuwar yau da kullum ido yana yawo, hannu biyu suna taɓa abu ɗaya, kunne biyu suna jin murya ɗaya, don haka labari yakan isa ga kowane ɓari ta waje. Sperry ya sami lambar yabo ta Nobel a 1981 saboda wannan aiki.

4.0 Kadarko da Harshe

Kimanin kashi 95 cikin 100 na masu amfani da hannun dama, da kimanin kashi 70 na bahagwai, ɓarin hagu ne yake jagorancin harshensu. Amma jagoranci daban, cin gashin kai daban. Za a dubi fannoni huɗu da kadarko yake da hannu a cikinsu.

4.1 Karatu

A 1892 Jules Dejerine ya bayyana labarin wani attajiri mai ilimi a Faris, wanda ya wayi gari a 1887 ba ya iya karatu. Yana magana daidai, yana gane abin da aka faɗa masa, har ma yana rubuta wasiƙa da hannunsa ba kuskure, amma ba ya iya karanta abin da ya rubuta. Bayan rasuwarsa aka tarar toshewar jini ta lalata cibiyar gani ta hagu tare da gammo. Norman Geschwind ya fito da ma'anar wannan fili a 1965: haruffa suna isa cibiyar gani ta dama, cibiyoyin harshe na hagu kuma lafiyarsu lau, amma hanyar da ke tsakaninsu ta yanke.

Koyon karatu ma yana barin alama a kadarko. A 2009 Manuel Carreiras da abokan aikinsa suka ɗauki hoton ƙwaƙwalwar tsofaffin mayaƙan sunƙuru na Kolombiya da suka ajiye makamai, suka kwatanta waɗanda suka koyi karatu da girmansu da waɗanda ba su koya ba. Waɗanda suka koya sun fi yawan farin nama a gammo. Ga masu aikin yaƙi da jahilci wannan hujja ce cewa ƙwaƙwalwar babba ba ta daskare ba.

4.2 Ji da Karin Sauti

A 1961 Doreen Kimura ta yi wani gwaji a Kanada, inda aka riƙa zuba wa mutum lambobi daban-daban a kunne biyu lokaci ɗaya. Yawancin mutane sun fi kama na kunnen dama. Bayanin shi ne, saƙon kowane kunne ya fi ƙarfi a kishiyar ɓari: na dama yana zarcewa kai tsaye zuwa cibiyoyin harshe, na hagu kuwa sai ya sauka a dama tukuna ya hau kadarko. A 1968 Brenda Milner da abokan aikinta suka tabbatar da haka, domin majinyatan da aka yanke wa kadarko kusan ba su iya faɗin kome daga kunnen hagu a irin wannan gwaji, ko da yake kunnen yana ji sarai idan shi kaɗai aka yi wa magana.

Wannan dabara ta buɗe ƙofar nazarin karin sauti. A gaba ɗaya ɓarin dama ya fi ƙwarewa wajen tantance hawa da saukar amo, kamar a kiɗa. Amma a harsuna masu karin sauti, hawa da saukar murya yana bambance ma'anar kalma. A Hausa, kuka mai karin sama-sama hawaye ne, mai sama-ƙasa kuma itaciya ce. Wuya mai sama-ƙasa gaɓar jiki ce, mai ƙasa-sama wahala ce. Kai mai karin sama wakilin suna ne, mai faɗau kuma shi ne wanda ake ɗora hula a kansa. A 1973 Diana Van Lancker da Victoria Fromkin suka jarraba masu harshen Tailan, wanda shi ma yana da karin sauti. Sun tarar kunnen dama ya yi rinjaye idan karin yana kan kalma, amma rinjayen ya ɓace da aka rera karin da hanci ba tare da kalma ba. Wato ƙwaƙwalwa tana raba amo ne bisa aikin da yake yi: idan yana ɗauke da ma'anar kalma ko nahawu, ɓarin hagu yakan shigo da ƙarfi.

4.3 Rausaya da Ginin Jumla

Muryar mai magana tana ɗauke da kaya iri biyu a lokaci ɗaya. Akwai karin kalmomi, akwai kuma rausayar jumla, wadda take nuna tambaya ko umarni, fushi ko murna, da inda yanki ya ƙare wani ya fara. Elliott Ross ya nuna a 1981 cewa lalacewar ɓarin dama takan bar mutum da kalmominsa da nahawunsa, amma muryarsa ta bushe, ba ta nuna halin zuciya, ko kuma ya kasa gane wannan hali a muryar wasu. Tun da yake nahawu yana hagu, rausaya kuma ta fi dogara ga dama, dole su haɗu a wani wuri. A 2007 Angela Friederici da abokan aikinta a Jamus suka saurarar da majinyata jumlolin da rausayarsu ta saɓa wa gininsu. Ƙwaƙwalwar masu lafiya, da ta waɗanda gaban kadarkonsu ne ya lalace, ta nuna alamar lura da saɓanin. Ta waɗanda sulusin baya ya lalace ba ta nuna ba.

Ana iya kwatanta wannan da jumloli biyu na Hausa:

(1) Yara maza, ku zo!

(2) Yara, maza ku zo!

Haruffan ɗaya ne, amma ta farko tana kiran 'ya'ya maza ne, ta biyu kuma tana gaggauta duk yaran. Wurin dakatawa da rausaya, tare da tsawon wasalin ƙarshe na kalmar maza, su suka raba su. Mai sauraro yakan warware wannan kafin ya san ya yi, kuma irin wannan haɗa rausaya da ginin jumla ne aka ga ya tawaya a majinyatan na Jamus.

4.4 Karin Magana, Gatse da Habaici

Kimanin jariri 1 cikin 4,000 akan haife shi ba kadarko, ko da ɓangarensa kawai. Wasu sukan taso da farfaɗiya da raunin hankali. Wasu kuwa basirarsu daidai take da ta kowa, har ba a gano lalurar sai an ɗauki hoton kansu saboda wani dalili. Abin lura shi ne, ba su nuna irin rabuwar da ake gani a waɗanda aka yi wa fiɗa da girmansu. Suna iya faɗin sunan abin da ke hannunsu na hagu, domin ƙwaƙwalwar tayi takan ƙarfafa wasu ƙananan hanyoyi su maye gurbi.

Sai dai mayen gurbin bai cika ba. Nazarce-nazarcen Lynn Paul da Warren Brown a Amurka, tun daga 2003, sun nuna cewa irin waɗannan mutane, ko da kalmominsu da nahawunsu ba su da aibi, sukan sha wuya wajen gane karin magana da barkwanci da gatse da halin da murya take nunawa. Sukan ɗauki magana a kan fatarta. Wannan tawaya ce babba a al'ummar da take auna hankalin mutum da iya gane zance. Wanda aka ce wa hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, ana sa ran ya bar zancen jinka ya kama na taimakon juna. Yaron da ya fasa tulu uwarsa ta ce masa lallai ka kyauta, ana sa ran ya ji tsawar da ke cikin muryar, ya watsar da yabon da ke cikin kalmomin. A nan sai an auna ma'anar kalma da murya da fuska da halin da ake ciki a lokaci ɗaya. Yaron da ya kasa wannan akan yi saurin kiran sa wawa ko mai taurin kai, alhali mai yiwuwa ne matsalar ta ƙira ce, kuma yi masa bayani dalla-dalla ya fi duka amfani.

Akwai wani gwaji na Gazzaniga da Joseph LeDoux na shekarun 1970 da ya dace da wannan fage. An nuna wa ɓarin hagu na wani majinyaci ƙafar kaza, ɓarin dama kuma gida a cikin dusar ƙanƙara, aka ce ya zaɓi hotunan da suka dace. Hannun dama ya nuna kaza, na hagu ya nuna shebur. Da aka tambaye shi dalili, sai ya amsa ba tare da inda-inda ba cewa ƙafar ta kaza ce, shebur kuma na share akurki ne. Ɓarin da yake magana bai ga ƙanƙarar ba, amma bai ce bai sani ba. Ya ƙaga dalili mai kama da gaskiya, ya kuma yarda da shi. Wannan ya nuna cewa jumla tana iya zama daidai a nahawu, mai ma'ana a kunne, alhali ta rasa rabin labarin.

5.0 Abubuwan da ke Cutar da Shi

Baya ga toshewar jini da tawayar haihuwa, kadarko yana daga cikin sassan da suka fi jin jiki idan kai ya girgiza da ƙarfi, kamar a haɗarin mota ko babur, domin zaruruwan sukan miƙe su tsinke ko da ƙoƙon kai bai fashe ba. Shan barasa ga mai juna biyu yana iya hana shi girma a tayi. A 1903 likitocin Italiya biyu, Ettore Marchiafava da Amico Bignami, suka bayyana wata cuta da take cinye tsakiyarsa a mashaya. Ita kuwa fiɗar yanke kadarko ana yin ta har yanzu ga masu farfaɗiyar da ta gagari magani, musamman mai kayar da mutum ba zato, kuma sau da yawa akan yanke kashi biyu cikin uku na gaba a bar gammo, don a kiyaye hanyoyin gani da ji.

6.0 Kammalawa

An ga cewa kadarkon ƙwaƙwalwa dami ne na zaruruwa aƙalla miliyan 200, mai sassa biyar, wanda yake kai saƙo tsakanin ɓari biyu, yake kuma tsara wanda zai yi aiki da wanda zai dakata. Binciken Sperry ya haifar da wata fahimta da ta bazu a littattafan koyarwa, cewa akwai mutanen ɓarin hagu masu lissafi da na ɓarin dama masu fasaha. A 2013 masu bincike a Jami'ar Utah ta Amurka suka duba hotunan ƙwaƙwalwar mutane fiye da 1,000, ba su sami shaidar wannan rabo ba. Majinyatan Sperry sun nuna abin da kowane ɓari yake iyawa ne idan an raba shi da ɗan'uwansa, wanda kuwa ba shi ne halin mai lafiya ba.

Ga mai nazarin harshe, darasin shi ne rabe-raben da aka saba yi a aji, na tsarin sauti da ginin jumla da ma'ana da adon magana, suna da tushe a ƙirar ƙwaƙwalwa, tun da ana iya rasa ɗaya a tsira da sauran. Amma a bakin mai magana tare suke fita. Harsunan Nijeriya masu karin sauti, irin su Hausa da Yarabanci da Ibo, fage ne mai kyau na gwada wannan, domin a cikinsu hawa da saukar murya ɗaya tana ɗauke da ma'anar kalma da nahawu da halin zuciya. Gwajin kunne biyu irin na Kimura ba ya bukatar fiye da na'urar ɗaukar murya da abin sawa a kunne da jerin kalmomi kamar kuka da wuya da kai, kuma aiki ne da sashen harsuna da asibitin koyarwa za su iya haɗa hannu su gudanar.